Igiyar Injin Malam Haladu

A garin Gude, in mace ta ce za ta aika niƙa, ba sai ta faɗi wurin ba. Shagon Malam Haladu ne, wanda ke manne da zauren gidansa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ciki, zaune a kan wani tsohon turmi da aka kife, hannunsa na dama a bakin mazubin hatsi, ƙafarsa ta hagu kuwa tana wani aikin na daban.

Injin tsoho ne, mai shan gas, mai manyan wili biyu. Tun da ya sayo shi na hannu daga Kano, abin da ke daidaita masa gudu a lalace yake. In an cika masa hatsi sai ya nemi mutuwa, in mazubi ya yi wayam sai ya zabura kamar zai tsinke bel. Malam Haladu ya yi dabara. Ya ɗaura igiyar rama a ɗan ƙarfen da ke buɗe wa injin mai, ya haura da ita ta kan azarar rufi, ya sauko da ita daidai ƙafarsa, ya yi mata zarge, ya zura babban yatsansa a ciki. In kunnensa ya ji injin ya yi nauyi sai ya danna yatsa ƙasa, mai ya ƙaru. In ya ji ya yi sauƙi sai ya ɗaga. Garinsa yakan fito da laushi iri ɗaya daga farkon ƙwarya har ƙarshenta. Daga ƙauyuka ana wuce injina biyu a zo nasa, ana cewa ƙafar Malam Haladu ta fi kunnen wasu ji.

Ya rasu da bazara. Matarsa Altine ta shiga takaba, shagon ya zauna a rufe wata huɗu da kwana goma. 'Ya'yansu uku ne, duk mata, kowacce tana ɗakinta. Dangi suka amince injin ya zauna a hannun Altine ta riƙe kanta da shi, ƙanen marigayi, Tasi'u, wani manomi mai yawan magana, ya riƙa tayar mata da shi.

Ranar da aka buɗe shagon damina ta yi tsakiya. Da hantsi ne, an jera ƙore da robobi har bakin hanya. Tasi'u ya zuba gas, ya murɗa hannun injin har ya tashi, ya zauna a kan turmin yayansa, ya sunkuya zai cire takalmi ya sa yatsa a zargen. Ya cire takalmin, bai kai ga sa yatsan ba. Zargen yana reto kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ba wanda ya taɓa shi. Sai ya sauka a hankali. Ya tsaya. Ya ɗaga. Marigayi ya naɗe shi da fata don kada ya ci masa yatsa, fatar kuwa ta riga ta ɗauki siffar mai ita, ta buɗe baki zagaye kamar akwai abin da ke cikinta.

Altine tana tsakar gida tana tsintar wake, ba ta ga wannan ba. Ita ji ta yi. A watanninsa na ƙarshe ƙirjin Malam Haladu ya toshe, garin niƙa na shekara da shekaru ya taru masa a huhu. In ya kishingiɗa bayan azahar, numfashinsa yakan hau, ya hau, ya tsaya a sama kamar mai sauraren kira, sannan ya gangaro har ka ce ya ƙare, sai ya sake kamawa. Ita ta yi jinyar wannan numfashi, ta san kowace gaɓa tasa. Shi ne yanzu yake fitowa daga salansar injin, da ƙarfin da duk unguwa ke ji.

Kafin ta kai zaure, layin masu niƙa ya watse. Tasi'u ya kashe injin, yana tsaye a tsakiyar hanya da takalmi ƙafa ɗaya.

Aka kira liman. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, mamaci ba ya dawowa niƙa, mutane su ji tsoron Allah su bar camfi. Ya yi addu'a, aka sake tayar da injin a gabansa. Zargen ya sauka, ya tsaya, ya ɗaga. Liman ya maimaita maganarsa daidai yadda ya faɗe ta, amma tafiyarsa ta komawa ta fi ta zuwa sauri. Ba wanda ya yarda ya taɓa igiyar. Ba wadda ta sake aiko da niƙa. Bayan mako uku dangi suka sake zama, suka ce ranar Alhamis mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo daga Kabo ya kwance injin, ita kuma Altine ta koma Gwarzo gidan ƙanenta, tunda ba ta da sauran abin dogaro a nan.

Shekararta talatin da huɗu a wannan gida. Ta san abin da ake nufi da komawa gidan ƙane: ɗaki ɗaya a kusurwa, kwano ana miƙo mata, ana girmama ta kamar baƙuwar da ba ta da ranar tafiya. Ba ta yi musu ba, don ba ta da hujja. Injin da ba a kawo masa niƙa ai ƙarfe ne kawai.

Ranar Laraba da safe Kamila ta iso, 'yar wannan ƙanen nata. Ta yi karatun injiniya, tana aiki a wata masana'antar matse mai a Kano. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya ƙarin haƙuri, aka tambayi mutanen Gwarzo ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi damina da hanya.

"Babanki ya aiko ki ki kwashe ni?" in ji Altine.

"Cewa ya yi in taya ki haɗa kaya, Gwaggo. Amma ni ban ga kin fara ba."

Altine ta ba ta labarin igiyar tun daga farko. Da ta kai ƙarshe ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa liman ba. Ranar da mutane suka watse, ba tsoro na fara ji ba. Daɗi na fara ji. Daga baya tsoron ya zo, tsoron daɗin da na ji."

Kamila ta ce tana so ta ga injin yana aiki.

Aka je gona aka taso Tasi'u. Ya zo yana mita, da laka har gwiwa. "Injiniya, ku 'yan boko komai sai kun leƙa. Wannan ba irin injinku na Kano ba ne, wannan yana da mai shi."

"To ai shi ya sa muka kira ka, Baba Tasi'u, ɗan'uwanka ne, ba zai yi maka komai ba."

"Yana raye ma bai bar ni na taɓa igiyar nan ba, bare yanzu da ba ya jin rarrashi."

Duk da haka ya murɗa, ya tayar, ya koma bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Garin shiru, kowa yana gona. Hadari ya rufe rana, hasken da ke shiga shagon fari-fari ne kamar ruwan tsari. Tsohon gari ya manne a bango da rufi da yanar gizo-gizo, komai ya yi furfura. Injin ya ja, ya hau, ya hau, ya tsaya. Zargen ya ɗaga. Injin ya gangaro, ya gangaro, har kwanon rufi ya daina rawa. Zargen ya sauka. Kamila ba ta ja da baya ba. Ta ɗaure mayafinta tam a ƙugu, ta tsuguna tana kallon zargen, ta tashi tana kallon azara, ta zagaya bayan injin tana kallon ɗan ƙarfen mai. Ta daɗe tana wannan kai-kawo. Can ta ɗora yatsa ɗaya a kan igiyar.

"Inna lillahi," in ji Tasi'u.

"Gwaggo," Kamila ta ɗaga murya don ta fi ƙarar injin, "ba daga ƙasa ake jan igiyar nan ba. Daga wajen injin ake jan ta."

"Shi ke nan!" Tasi'u ya fitar da ɗayar ƙafar. "Wato ciki ya shiga."

Kamila ta kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Ta nemi akwatin sifanun marigayi, ta kwance wani murfi a gefen injin, ta goge baƙin mai da tsumma, ta haska da wayarta. Ta kira Altine ta leƙa. A ciki, tsakanin ƙarafan da suka yi baƙi ƙirin don tsufa, akwai wasu dunƙulallun ƙarafa biyu da ɗan sifirin, masu haske kamar sabon cokali.

"Wannan shi makanikai ke kira gwamna," in ji Kamila. "Kin ga ƙarafan nan biyu? Tare da injin suke juyawa. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, kamar yadda bakin zane ke buɗewa in yarinya ta yi juyi. In sun buɗe sai su ja wancan ƙarfen, mai ya ragu. In gudu ya ragu sai su tsuke, sifirin ya mayar da ƙarfen, mai ya ƙaru. Aikin da Baba Malam yake yi da kunne da yatsa, shi suke yi."

Altine ta ce, "Ƙarfe ya san nauyi da sauƙi?"

"Bai sani ba, amma an shirya shi yadda zai auna, ya gwada da abin da ake so, ya gyara, ya sake aunawa. Kamar ke a bakin tukunyar tuwo. Kina tuƙi kina jin muciya a hannunki, in ya yi ruwa ki ƙara gari, in ya yi tauri ki yayyafa ruwa. Abin da na karanta ke nan, Gwaggo, shekara biyar. Yadda za a koya wa na'ura ta ji muciyarta."

"Shekara biyar a kan tuwo," in ji Tasi'u daga waje. Amma ya matso.

Kamila ta zauna a kan buhu, tana goge hannu. Ta ce abin ya tsufa ƙwarai. Mutanen da, har da masanan Bagadaza, suna da agogon ruwa, kuma agogon ba ya faɗin gaskiya sai ruwan tulunsa ya tsaya a tsayi ɗaya. Sai suka sa wani abu mai yawo a kan ruwan, in ruwa ya kai iyaka ya toshe kafar da kansa, in ya ragu ya buɗe. Irinsa ne a tankunan ruwa na yanzu. Su kuwa ƙarafan nan masu juyawa, masu niƙa ne suka fara amfani da su a Turai, a injinan niƙa da iska ke juyawa, don iska ba ta da alkawari, yanzu ta taso yanzu ta kwanta. Daga wurinsu aka ɗauka aka sa wa injinan tururi, masana'antu suka samu gudu iri ɗaya ba tare da an tsayar da mutum yana gadin kowane inji ba.

"Masu niƙa?" Altine ta tambaya.

"Masu niƙa, 'yan'uwan Baba Malam. Yau kuwa dabarar tana ko'ina. Dutsen guga na lantarki da ke ɗauke wutarsa in ya yi zafi, firji, jirgin sama. Kwalabar da ake sa bakwaini a asibiti, ita ke riƙe masa ɗumi iri ɗaya, don ba hannun da zai iya wannan gadin ba gajiya. Mutum yakan yi gyangyaɗi, yakan yi ciwo."

Ta tsaya a nan. Ta sake haska cikin injin, muryarta ta sauya. "Gwaggo, kin ce gwamnan injin nan a lalace yake tun da aka saye shi. Wannan sabo ne. Bai wuce shekara biyu da sawa ba."

Altine ta zauna a dokin ƙofa. Shekara biyu. A lokacin ne ciwon suga ya fara cin ƙafafun Malam. Ta tuna ranar da ya taka garwashi a bakin murhu, ita ce ta ji ƙauri ta duba, shi yana ta magana bai sani ba. Ta tuna wata Juma'a da ya ce injin yana son wanki, wani makanike ya zo daga Gwarzo a kan babur, suka rufe ƙofar shagon tun safe har aka yi kiran salla. Bai ce mata komai ba. Washegari ya koma kan turminsa, ya zura yatsa a zargen kamar kullum.

Kamila ta nuna mata da hannu yadda abin yake. In injin ya yi nauyi, gwamna ya buɗe mai, igiya ta yi sako-sako, zargen ya sauka. In ya yi sauƙi, gwamna ya rufe, ya ja igiya, zargen ya ɗaga. Motsin da ƙafar take yi a da, shi ne dai, ba mai kallon da zai bambance.

Altine ta dubi turmin. Ta ga mijinta zaune, shekara biyu, da ƙafar da ba ta jin komai, igiya tana ɗaga masa yatsa tana saukewa, mutane suna tsaye suna yaba ƙafar Malam Haladu, shi kuma yana murmushi yana zuba hatsi. Wannan ya fi fatalwa sa ta jin sanyi.

Tasi'u ya cire hula ya mayar. "Allah ya jiƙan marigayi. Har ni ya rufe."

"To numfashin fa?" Altine ta tambaya, ba ta ɗago ba. "Yana raye injin ba ya yin haka."

Kamila ta hau kan buhu ta shafa azarar. Igiyar ta ci itacen, ta yi masa kwari mai zurfi. Wata huɗu shagon yana rufe, damina ta sauka, rama ta sha laima ta kumbura, ta cika kwarin. "Gwamna yana so ya rage mai, igiya ta maƙale ta hana shi. Injin ya yi ta hawa. Sai ƙarfi ya yi yawa ta suɓuce gaba ɗaya, ya rage fiye da kima, injin ya faɗi. Gyaran yana zuwa, amma a makare, kamar mai zuba gishiri a miya ba ta jira ya narke ta ɗanɗana ba. Tsofaffin injinan Turai ma sun yi wannan hawa da sauka, ya gagari makanikai, sai da masu lissafi suka zauna suka gano dalili. A nan ilimin namu ya zama ilimi."

"Kuma ya zo daidai da numfashin Malam?"

Kamila ta sauko daga kan buhun. "Wannan ban sani ba, Gwaggo. Ni ban ji nasa ba. Abin da na sani, in aka bar shi haka, garin zai fito rabi laushi rabi tsaki, wata rana kuma bel ya tsinke a kan mutum. In aka cire igiyar, zai yi gudu iri ɗaya, ko ke za ki iya niƙa da shi. Amma sautin nan ba zai sake dawowa ba."

Altine ta gane abin da aka ajiye a gabanta. Da igiya, ba mai kawo niƙa, gobe a kwance injin, ta rasa gida ta rasa sautin. Ba igiya, gida ya tsaya, sautin ya tafi yau. Ko ta ina dai tafiya zai yi.

Ta shiga gida ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa. Ta ce a tayar. Kamila ta mayar da murfin, Tasi'u ya murɗa. Kamila ta ɗaure wa Altine mayafi, ta nuna mata inda za ta tsaya nesa da bel, da inda za ta yanka, tsakanin ɗan ƙarfen da azara. Altine ta ce su fita.

Ta tsaya ita kaɗai a cikin farin ɗakin. Ya hau, ya tsaya, ya gangaro. Ta saurara sau uku, sau bakwai, ta daina ƙirgawa. Ranar da Malam ya cika ba ta ɗakin. Ya ce yana son kunu, ta je damawa, ta dawo da kofi a hannu ta tarar an gama. Yau tana nan. Ta bari ya hau, ta bari ya tsaya a sama iyakar tsayawarsa. Da ya fara gangarowa ta kama igiyar, ta ji tana motsi a tafinta kamar jijiya.

"Allah ya jiƙanka, Malam," ta ce, ta yanke.

Igiyar ta zare ta kan azara, zargen ya faɗi a cikin gari ba ƙara. Injin ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya miƙe, ya kama wani gudu madaidaici, tum-tum-tum-tum, ba hawa ba sauka.

Tasi'u ya leƙo, ya saurara, ya tafi gida ya ɗebo dawarsa kwano biyu. Kamila ta nuna wa Altine yadda za ta sassauta hatsin. Da ta cika mazubi, muryar injin ta yi kauri kaɗan, gudun bai sauya ba. Da hatsin ya ƙare, muryar ta sirance, gudun bai sauya ba. Tasi'u ya murza garin tsakanin yatsu, ya ɗanɗana, ya fita waje ya kira mutumin Kabo a waya ya ce kada ya wahalar da motarsa gobe.

Wajen la'asar Fatsuma, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta zo ta tsaya nesa da ƙofa, da ƙwaryar masara a ka. Ta karkata kunne ta daɗe tana ji.

"Altine, ya tafi?"

"Tun bazara, Iya. Kawo masararki."

Tsohuwar ta miƙo ƙwaryar daga waje, ba ta shigo ba. Altine ta karɓa ta zuba. Garin yana sauka fari, mai laushi. Ta kasa kunne a ƙarƙashin ƙarar, ko akwai ɗan abin da ya saura. Babu. Injin yana ta aikinsa daidai, bai san kowa ba.